Yaro mai otizim da halin da ya gagari gida: tambayoyi da amsoshi kan horar da iyaye a unguwannin Zango na Accra

Tambayoyin nan daga bakin iyaye suke, irin waɗanda ake ji a wurin awon yara, a ƙofar makaranta da tsakar gidajen haya na Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina. An fara da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu zurfi. Inda aka ce "ki", uba ma da shi ake; uwa ce dai ta fi zuwa da tambayar.

Mene ne otizim? Shi ne abin da ake ce wa galahanga?

Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwar yaro ta ginu. Yana shafar maganarsa, hulɗarsa da mutane, da yadda yake jin ƙara, haske, taɓi da ɗanɗano. Alamunsa kan bayyana kafin shekara uku: a kira sunansa bai waiwayo ba, ba ya nuna abu da yatsa don ki gani, yana jera murafen kwalba a layi ya ɓarke da kuka idan aka taɓa ɗaya. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kimanin yaro 1 cikin 100. A rediyo za ki ji ana cewa galahanga, sai dai kalmar ta zama jakar da ake zuba lalurori daban-daban a ciki. Shi ya sa muke cewa otizim, domin sunan da likita zai rubuta a katin yaron ke nan.

Ɗana yana birgima, yana cizo, yana jifa da kaya. Duk otizim ɗin ne?

Waɗannan abubuwa ne da ke biyo bayansa. Yaron da ba shi da bakin cewa "na gaji" ko "ƙarar nan ta dame ni" dole ya nemi wata hanya, kuma wadda ya ga tana ci ita yake riƙewa. Birgima, ihu, duka, cizo, jifa, ƙin bin umarni, buga kai a bango, ficewa da gudu, su ne halayen da ake magana a kai a nan. Babu magani ko horon da ke warkar da otizim, kada kowa ya karɓi kuɗinki da wannan alkawari. Amma yawancin waɗannan halaye koyonsu yaron ya yi, abin da aka koya kuwa ana iya maye gurbinsa.

Yaron ne ke da lalura. Me ya sa ni za a zaunar a koya wa?

Ba don kin yi laifi ba. Tarbiyya ba ta haifar da otizim, kuma uwar da ta raini huɗu lafiya ba ta manta renon na biyar ba. Lissafi ne: mako yana da awa 168, ƙwararre in ya yi ƙoƙari ya ga yaron awa ɗaya. Rigimar kuma ba a ofishinsa take tashi ba. Tana tashi lokacin wankan safe, a cikin trotro (motar haya), a layin mai waakye (shinkafa da wake), da lokacin da aka ɗauke wuta katun ya yanke. Wanda ke tsaye a wurin shi ke da damar sauya abin.

Zaman horon yana da siffar da za ki gane shi da ita. Mai koyarwa zai bayyana dabara guda, ya nuna ta a bidiyo ko a aikace, ke ki gwada a gabansa shi yana matsayin yaron, sannan ya ba ki aikin gida na mako ɗaya. Zama na gaba da aikin gidan ake buɗe shi. Idan inda aka kai ki lacca ce zalla, babu gwaji babu aikin gida, wayar da kai ce, tana da amfaninta, amma ba ita ake nufi ba.

Akwai shaidar cewa abin yana aiki?

Akwai. A 2015 mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon wani gwaji da Karen Bearss da abokan aikinta suka yi a cibiyoyi shida a Amurka, da yara 180 masu otizim 'yan shekara 3 zuwa 7. Aka raba iyayen gida biyu. Kashi ɗaya suka bi shirin da ake kira RUBI na mako 24: zama 11 na dole, kowanne awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, da ziyarar gida da kiran waya. Ɗaya kashin aka yi musu bayani kan otizim ba tare da dabarun sarrafa hali ba. A ma'aunin fushi da rigima da iyaye suka cike, yaran kashin farko sun samu raguwar kashi 47.7 cikin ɗari, na biyu 31.8. Masu tantancewa da ba su san rukunin da yaro yake ba sun ga ci gaba mai kyau ga kashi 68.5 na rukunin farko, da 39.6 na biyu.

A karanta alƙaluman nan da idon basira. Kusan yaro uku cikin goma ba su samu babban sauƙi ba ko da an horar da iyayensu, kuma an yi gwajin ne a asibitocin jami'a, da iyalan da galibi ke da ƙofar da za su rufe. Don wurare irin namu Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara nata shirin, CST, na masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9: zaman rukuni 9 da ziyarar gida 3, wanda ma'aikacin lafiya na unguwa ko malamin makaranta zai iya jagoranta bayan an horar da shi. Akwai kuma wasu shirye-shiryen horar da iyaye: PCIT, da Stepping Stones Triple P na Ostireliya. Sunaye ne daban-daban, amma ƙashin bayansu ɗaya ne, shi ne amsoshin da ke ƙasa suka warware.

Kafin mu fara, akwai abin da ya kamata likita ya duba?

Ƙwarai, kuma a nan ake yawan yin tsallake. Yaron da ba ya magana, ciwonsa da hali yake fitowa. Mai dukan kunnensa ko gefen fuskarsa, a duba kunne da haƙori. Mai rigima bayan cin abinci ko mai ƙin zama, a tambayi yaushe rabonsa da bayan gida, don taurin bayan gida ya yi yawa ga yaran da suka kafe a kan abinci iri biyu ko uku. A duba barci, ƙaiƙayin fata, zazzaɓin cizon sauro, da ciwon ƙashi ga mai sikila. Farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu otizim, wani lokaci kuma ba faɗuwa ake yi ba, ƙura ido ne na 'yan daƙiƙu. A kuma gwada jinsa. Duk halin da ya ɓullo farat ɗaya ga yaron da a da yake lafiya, a ɗauke shi ciwo ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

To, ta ina ake farawa a gida?

Da littafi da biro. Ki zaɓi hali guda ɗaya, wanda ya fi haɗari ko ya fi hana gida sakat. Ki ba shi sunan da za a iya ƙirgawa. "Taurin kai" ba ya ƙirguwa; "ya ciji hannun ƙanwarsa" yana ƙirguwa. Sai ki ja layi uku a shafi: abin da ya faru kafin halin, halin kansa da tsawon lokacinsa, da abin da ya biyo baya. Ki yi mako ɗaya zuwa biyu kina rubutawa ba tare da kin sauya komai ba.

Ga misalin yadda za ki cike layukan uku. Laraba, ƙarfe huɗu na yamma, kasuwar Nima. Kafin: ya ji hon ɗin mai keken sayar da FanYogo (yogot mai sanyi), ya ja zanina, na ce babu. Hali: ya kwanta a ƙasa yana ihu yana shure-shure, minti shida. Bayan: mata sun taru, wata ta ce "Hajiya, saya masa mana," na saya. Layi na uku shi ne mai wuyar rubutawa, don aikin manya ne a cikinsa, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. Wadda rubutu ke yi wa wuya ta yi da ajami, ko ta naɗi muryarta a waya nan take, ko ta sa yayan yaron ya rubuta.

Na cika shafi biyar. Me zan nema a ciki?

Aikin da halin ke yi wa yaron. Kusan kullum ɗaya ne cikin huɗu: yana samo masa wani abu (waya, alewa, fita waje), ko yana kuɓutar da shi daga abin da ba ya so (wanka, aski, karatu, hayaniya), ko yana jawo masa hankalin mutane, ko kuma jikinsa ne ke jin daɗin abin, kamar kaɗa hannu da jujjuyawa. Faɗa da tsawa ma hankali ne. Uwar da ta yini tana tuyar ƙosai ba ta dube shi ba sai da ya kifar da bokiti, ta koya masa cewa kifar da bokiti ke kawo Mma.

Muhimmancin wannan shi ne hali iri ɗaya yana iya yin aiki daban ga yara biyu, maganin ɗaya kuma ya zama gubar ɗayan. Yaron da ke ihu don a kula shi, fitar da shi daga ɗaki na iya rage ihun. Wanda ke ihu don ya tsere wa allo, duk ranar da Malam ya ce "fita waje" an biya shi ladan ihunsa. Kaɗa hannu da makamantansa da ba sa cutar da kowa, a bar masa abinsa. Da su yake kwantar da hankalinsa.

Yaya ake tare rigimar tun kafin ta tashi?

Layin "kafin" zai nuna miki wuraren da take tashi, kuma yawancinsu lokutan sauyi ne, daga abin da yake so zuwa wanda ba ya so. Ki riƙa yi masa gargaɗi: saura minti biyar, saura biyu, da agogon waya a gabansa yana gani, ƙarar agogon ta zama ita ce mai cewa lokaci ya yi. Ki jera abubuwa da "tukuna" da "sannan": wanka tukuna, sannan katun. Ki ba shi zaɓi biyu waɗanda duk kin yarda da su: shuɗiyar riga ko ja, kofi ko kwano. Abin da ke jawo rikici ki kawar da shi daga idonsa. Kada ki kai shi kasuwa da yunwa, ranar Laraba kuwa, da kasuwar Nima ke ci, in da hali, ki bar shi a gida sai ya saba da ƙananan fita.

Jadawalin hotuna yana yi wa yara da yawa aiki, don magana tana wucewa, hoto yana nan. Ki ɗauki hotunan kayansa na ainihi da waya: bokitin wankansa, kofin kokonsa, takalminsa, ƙofar makarantarsa. A wanke su, a manna huɗu zuwa shida a jikin kwali daga sama zuwa ƙasa, daidai tsayin idonsa. Idan ya gama abu, shi da kansa ya cire hoton ya jefa a gwangwani. Inda ake kuskure: a manna hoto goma sha biyar rana ɗaya, ko a rataye kwalin a bar shi kamar kalanda. Sai an kai shi gabansa kafin kowane mataki, kullum, na makonni. Ki tanadi hoto ɗaya na "yau an sauya" don ranar suna, biki ko ɗauke wuta.

Ba shi lada ba cin hanci ba ne? Ba zai saba ba?

Lokacin bayarwa ne ya raba su. Abin da aka miƙa wa yaro yana tsakiyar birgima don ya yi shiru, shi ne cin hanci, kuma birgimar yake ƙarfafawa. Lada kuwa bayan halin kirki yake zuwa. Sharuɗɗansa: ya zo cikin daƙiƙa biyu ko uku, ya zama ƙarami (ɓallin biskit, ba fakiti ba, minti biyu na waya, ba awa ba), ya zama abin da shi yaron ke so, kuma ya kasance ba ya samunsa a banza. Wayar da ke hannunsa tun safe ba za ta yi lada da yamma ba. Ki haɗa shi da yabon da ya ambaci aikin: "Madalla, ka sa takalmi da kanka."

Da farko a ba shi kowane lokaci. Idan halin ya zauna, a koma sau ɗaya cikin biyu, cikin uku, har yabo ya wadatar. Yaron da ya fara gane jira, a yi masa murafen kwalba: ya tara uku ya karɓi abinsa, daga baya biyar. Kada a ƙwace murfin da ya riga ya samu don ya yi laifi, nan take tsarin ke mutuwa.

Ba ya magana. Yaya zai roƙi abu in ba da ihu ba?

Wannan ita ce zuciyar aikin. Hana hali ba tare da ba shi madadinsa ba kamar toshe kwata ne da damina, ruwan zai ɓulla ta wani wuri. Madadin dole ya yi aikin da tsohon halin ke yi (duba amsar tambayar "Na cika shafi biyar" a sama), kuma ya fi shi sauƙi da saurin biya. Mai cizo don neman ruwa, a koya masa miƙa kofi ko hoton kofi. Mai jifa da allo don ya huta, a ba shi katin "hutu", ko alamar hannu, ko kalma ɗaya in yana da ita.

Ana koyarwa ne yana cikin natsuwa. Ki riƙe abin da yake so, mutum na biyu ya tsaya bayansa ya kama hannunsa ya miƙa miki hoton, ke kuma ki ba shi nan take kina faɗin sunan abin. A maimaita sau goma zuwa ashirin a yini, ana rage riƙon hannun a hankali: daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu, zuwa taɓa kafaɗa, zuwa babu. Makonnin farko duk lokacin da ya roƙa ta sabuwar hanya a ba shi, ko ya yi yawa. Koyon jira daga baya ne. Hoto da alama ba sa hana magana fitowa. Gidan da ake Hausa, Twi da Turanci kuma ba sai an daina wani harshe ba, a dai daidaita kan kalma ɗaya ga kowane abin roƙo a farkon koyo.

Na daina biya masa in ya yi ihu, sai abin ya ƙaru. Na ɓata ne?

A'a, alama ce cewa kin taɓa inda ya dace. Mutumin da ya saba murɗa famfo ruwa ya zo, ranar da bai zo ba sai ya murɗa da ƙarfi, ya bubbuga, kafin ya haƙura. Haka yaro zai ƙara ƙarfin ihu da tsawonsa na 'yan kwanaki, wani lokaci fiye da mako, sannan ya sauka. Haɗarin yana nan: idan kika jure minti goma sannan kika ba shi, kin koya masa cewa minti goma ne farashin. Biya jefi-jefi ya fi biya kullum dasa hali. Don haka ranar da kin san ba za ki iya jurewa ba, misali cikin trotro a cunkoson Circle, ki ba shi tun roƙon farko kafin ihu ya fara.

Kyalewa tana da ƙa'ida. Halin ake kyalewa, yaron yana gaban idonki. Ba kallo, ba magana, ba tsaki, ba huci. Da ya yi shiru ko ya roƙa da kyau, ki juyo gare shi da fara'a nan da nan. Tana aiki ne ga halin neman hankali. Ba a kyale abin da zai jawo rauni, kuma ba a fara ta sai an koya masa madadi. Bayan makonni tsohon halin kan leƙo sau ɗaya ko biyu. A yi masa yadda aka yi da farko.

Yaya zan bambanta rigimar neman abu da ruɗewar da ta fi ƙarfinsa?

Mai rigima yana satar kallonki, kuma da ya samu abin sai ya ɗauke kamar an kashe rediyo. Wanda ƙara, zafi, cunkoso ko gajiya suka cika wa kai ba ya ganin kowa, ko an miƙa masa abin da ya fi so ba ya karɓa. Lasifikar biki, janareta, injin niƙa, wa'azin tasha, duk suna iya kai shi nan. Wannan ba wurin koyarwa ba ne. Ki fitar da shi zuwa inda ya fi shiru, ki rage magana, ki hana mutane taruwa a kansa, ki jira. Abin toshe kunne yana taimaka wa wasu.

Sai na faɗi abu sau goma bai yi ba.

Tara daga ciki sun koya masa cewa na farko ba komai ba ne. Ki matso kusa, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki kira sunansa. Ba sai ya kalli ƙwayar idonki ba. Umarni ɗaya, gajere, mai faɗin abin da za a yi: "Sa kofi a kwano." Ki ƙirga biyar a zuci. In ya yi, yabo da lada. In bai yi ba, ki kama hannunsa a hankali ku yi tare, ki yaba kaɗan. Ki fara da abubuwan da ya riga yana yi da son ransa don ya saba da cin nasara. Aiki mai tsawo kamar sa wando ko wanke hannu a yanka shi matakai, ki yi masa duka ki bar masa na ƙarshe, in ya iya ki bar masa biyun ƙarshe.

Mu da bulala aka raine mu. Me ya sa ba za ta yi masa ba?

Bulala tana tsayar da hali na minti biyar, shi ya sa mai duka ke ganin tana aiki. Amma ba ta koya wa yaron abin da zai yi a madadi, kuma yaron da bai haɗa dukan da laifin ba, abin da ya koya shi ne hannu ake ɗagawa in rai ya ɓaci. Ƙanwarsa za ta gani a jikinta. Mai neman hankali ya samu, mai gudun aiki ya tsira daga aikin. Sannan jiki yana sabawa, sai an ƙara ƙarfi, a nan ake raunata yara. Hukumar Ilimi ta Gana ta hana duka a makarantu tun 2017, kina da hurumin yi wa malami magana.

Gidan haya muke, ga kaka, ga gwaggo, ga maƙwabta. Kowa da nasa.

An ce ɗa na kowa ne, kuma a Zango haka abin yake: alheri ne, shi ne kuma ke rushe shiri. Kina kyale ihu, kaka ta fito da sidi biyu ta ce a sayo masa alewa. Kada ki nemi gyara gidan duka. Ki lissafa mutum biyu ko uku da suka fi zama da yaron, ku daidaita kan hali ɗaya da ƙa'ida ɗaya da za a faɗa a numfashi guda: "In ya miƙo kofi a ba shi, in ya yi ihu a jira."

Surukuwa ba a ba ta umarni, ana ba ta matsayi. "Hajiya, ke ce za ki riƙe masa alewar, in ya roƙa da hoto daga hannunki za ta fito." Maganar ta fi shiga idan ɗanta ne ya kai ta, wannan yana cikin aikin uba, tare da ɗaukar wani lokaci na yini, ko wankan yamma ko rakiyar makaranta, ya zama nasa. Maƙwabta kuwa a sanar da su tun kafin a fara cewa za a ji kuka ya ƙaru na kwanaki, ba mugunta ba ce. Malamin boko da na makarantar allo su ma a kai musu katin da ƙa'idar, domin abin da yaro ya koya a ɗaki ba ya bin sa waje da kansa, sai an sake koya masa a can.

Yana buga kansa a bango, yana kuma ficewa da gudu.

Waɗannan ba a jira da su, a kai shi asibiti a cikin makon, a fara da binciken ciwon da aka ambata a sama. Kafin nan, ki sa matashi ko tafin hannunki tsakanin kansa da bango ba tare da ihu ko dogon lallashi ba, kada a danne shi a ƙasa, kada a ɗaure shi. Ga mai gudu: sakata a can sama inda hannunsa ba ya kai, ƙararrawa a ƙofa, lambar waya a ɗinke cikin rigarsa, sabon hotonsa a wayarki. Masu shago da masu faci na layinku su san shi. In ya ɓace, a fara duba babbar kwata, rijiya da bakin titi, don yara masu otizim da yawa ruwa na jan su. Randa da durom na tsakar gida a rufe su.

An ce aljanu ne ko sammu. Mu bar addu'a mu koma asibiti?

Babu wanda ya ce a bar addu'a. Uwar da ke tofa wa ɗanta addu'a da asuba ita ce ke nuna masa jadawalin hotuna da hantsi, babu karo a tsakani. Abin da muke ja a kai shi ne duk abin da zai cutar da jikin yaro ko ya cinye shekarunsa na koyo: duka da sunan fitar da aljani, hayaƙi a rufaffen ɗaki, hana shi abinci, ɗauri da sarƙa, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ko barinsa watanni a wani sansanin addu'a. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ta haramta azabtarwa da wulaƙanta mai lalura ko a ina ne. Malamin kirki zai ce miki ki haɗa da asibiti.

Babu ƙwayar da za ta kwantar da shi?

Akwai magunguna biyu da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su don tsananin fushi da duka ga yara masu otizim: risperidone a 2006 daga shekara 5, da aripiprazole a 2009 daga shekara 6. Suna rage zafin hali, ba sa koyar da komai, kuma suna da illa: yawan ci, ƙiba, barci, wani lokaci rawar jiki ko taurin gaɓoɓi. Wurinsu shi ne inda halin ya kai ga rauni kuma dabarun gida ba su wadatar ba. Likita ne ke rubutawa, a fara da kaɗan, a auna nauyin yaron, a dawo bayan mako uku zuwa huɗu. Ƙa'idar Ingila ita ce a tsayar in an kai mako shida ba a ga amfani ba. Wani gwaji na 2009 ya nuna haɗa risperidone da horar da iyaye ya fi maganin shi kaɗai. Maganin barci ko na tari daga kantin magani don yaro ya yi shiru, wannan haɗari ne tsantsa.

Ina za mu nufa a Accra?

Ki fara daga kusa: ma'aikaciyar awon yara ko asibitin Mamobi, ki nemi takardar turawa zuwa sashen yara na asibitin Korle Bu ko asibitin yara na Princess Marie Louise, da katin inshorar lafiya a hannu. Don tantance makarantar da ta dace akwai cibiyar gwamnati ta tantance yara masu lalura a Achimota. Cibiyar AACT mai kula da masu otizim, wadda Serwah Quaynor, uwar wani mai otizim, ta kafa a 1998, ta daɗe tana aiki da iyaye. Dokar naƙasassu ta 2006, mai lamba 715, da manufar ilimin bai-ɗaya ta 2015 suna bayan yaronki idan makaranta ta ce ba ta karɓar irinsa. A ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku, Ayawaso ta Gabas ga 'yan Nima, ki tambayi rajistar kason kuɗin da ake ware wa masu lalura. Darussan CST na iyaye suna nan kyauta a intanet da Turanci. Uwaye biyar ko shida za su iya haɗuwa mako-mako da mai fassara musu.

Duk wanda za ki biya, ki tambaye shi: zama nawa ne, zan gwada a gabanka, za ka zo gida ko ka kalli bidiyon gida, da me za mu auna ci gaba?

Yaushe zan ga canji, kuma in ban gani ba fa?

Ga hali guda da aka bi kullum, ana sa ran alama cikin mako biyu zuwa huɗu bayan hauhawar farko. Cikakken shiri kuwa wata huɗu zuwa shida ne. Kada ki dogara da yadda kike ji, ranar wahala ɗaya tana shafe ƙwaƙwalwar kwana shida masu kyau. Ki ci gaba da ƙirga: sau nawa a yini, minti nawa. Daga sau takwas zuwa biyar ci gaba ne, ko maƙwabta ba su lura ba.

In wata ya cika lamba ba ta motsa ba, ki bi waɗannan da tambaya: an fahimci aikin halin daidai, ladan yana burge shi har yanzu, akwai mai biya masa a ɓoye, madadin ya fi ihun wuya, ko akwai ciwon da ba a gano ba? Ki duba kanki ma, don uwar da ba ta barci ba ta iya riƙe ƙa'ida, kuma gaya wa ma'aikaciyar lafiya cewa kin gaji yana cikin maganin yaron. Ranar komawa asibiti ki tafi da littafin, da jerin duk abin da yake sha har na gargajiya, da bidiyon minti ɗaya ko biyu wanda ya kama abin tun kafin rigimar ta fara.